Abin da ke sa tawada ta dame a jikin banar talla, da yadda masu shago za su kauce masa

A manyan garuruwan Arewa da wuya mutum ya yi tafiyar minti biyar a kan titi bai ci karo da bana ba. Ga ta ɗan takara, ga ta makarantar da ke neman ɗalibai, ga ta walimar saukar Alƙur'ani, ga ta Maulidi, ga ta ango da amarya a ƙofar wurin dina. Ledar nan mai kauri da 'yan sana'a ke kira fileks ta karɓe aikin da a da masu fenti da buroshi ke kwana suna yi a kan allo ko farin ƙyalle, kuma ta samar wa dubban matasa abin yi a Kano, Kaduna, Jos, Sakkwato da Maiduguri.

Sai dai akwai wata matsala da kusan kowane mai shagon buga bana ya sani, wadda ke haddasa cacar baki tsakaninsa da masu kawo aiki. A buga aiki, a gan shi tsaf yana fitowa daga inji, a naɗe a miƙa. Sai an je wurin taro an warware, a tarar fuskar mai girma ta yi dama-dama, jan hula ya yi naso a kan farar riga, ko lambar waya ta kwafu a inda ba a sa ta ba.

Asarar ba ƙarama ba ce. Bana ana sayar da ita ne da ƙafa, wato tsawo sau faɗi. Mai ƙafa 10 da ƙafa 20 tana cin sukwaya fit 200 na leda da tawada. In ta lalace, mai shago ne zai sake sayen leda, ya sake zuba tawada, ya sake ƙona mai, ba tare da an ƙara masa ko sisi ba. Mai aikin kuwa, in taron nasa na yau ne, babu abin da sake bugawa zai tsinana masa. Galibi kuma yaron da ke kan inji ne ke shan faɗa, ko a ɗora wa mai sayar da tawada laifi. Alhali a mafi yawan lokuta tawadar lafiyarta ƙalau. An zuba ta ne fiye da kima, ko an hana ta zafi, ko an hana ta lokaci.

Tawadar bana ba irin ta takarda ba ce

Takarda tana shan ruwa. In firinta ta fesa mata tawada, sai ta tsotse. Fileks kuwa roba ce, wadda ake kira PVC, da aka lulluɓe saƙar zaren foliyesta da ita don ta yi ƙarfi. Ba ta shan komai. Zuba mata ruwa ka gani, zai tsaya a sama yana gangarawa.

Shi ya sa aka yi mata tawada ta musamman, wadda ake kira solben. Ƙwayoyin launi suna cikin wani sinadari ne mai narkar da roba. Da tawadar ta sauka, sinadarin sai ya ɗan tausasa fuskar ledar, launin ya nutse a ciki, sannan sinadarin ya tashi ya bi iska, robar ta sake taurara da launin a jikinta. Wannan tashin da sinadarin ke yi shi ne bushewa, kuma a nan duk maganar take. Saman tawadar yana iya bushewa cikin 'yan mintuna, har ka taɓa da yatsa ba ka ga komai ba, amma a ƙarƙashi robar tana nan da taushi na sa'o'i. Duk abin da ya danne ta a wannan lokaci, ko ya goge ta, zai bar shaida.

Tawadar solben iri biyu ce a kasuwa. Akwai mai ƙarfi, mai warin nan da ke hawa kai, wadda manyan injina masu faɗin ƙafa 10 ke amfani da ita, irin masu kan feshi na Konica Minolta ko Seiko. Ita tana cin leda sosai kuma tana saurin bushewa. Akwai kuma eko-solben, wadda ta yaɗu tun farkon shekarun 2000, ita ce a ƙananan injina masu kan feshi na Epson kamar DX5, XP600 da i3200. Warinta kaɗan ne, hotonta ya fi fita, amma sinadarinta ya fi jinkirin tashi, don haka ta fi buƙatar zafi da haƙuri. Wanda ya koyi aiki a kan babban inji, ya dawo kan ƙarami da irin saurin da ya saba, zai sha mamaki.

Akwai wasu hanyoyin da ba su da wannan jira. Tawadar lateks, wadda kamfanin HP ya fito da ita a 2008, inji ne ke gasa ta da zafi mai yawa, aikin ya fito a bushe. Ita kuma tawadar UV, fitila ce ke sandarar da ita nan take. Amma injinansu na da tsada, na lateks kuma ga cin wuta, shi ya sa yawancin ƙananan shaguna a Najeriya, har da na Shomolu a Legas inda ɗab'i ya yi sansani, suka fi dogara da injinan solben da eko-solben 'yan China.

Wani kuskure da sababbin shiga ke yi shi ne na ɗauka cewa duk tawadar da ta shiga inji ta yi. Kan feshi irin XP600 yana karɓar tawadar ruwa ta buga takarda, yana karɓar ta buga riguna. In aka zuba ɗaya daga cikinsu aka buga a kan fileks, ko kwana uku aka shanya ba za ta kama ba, yatsa kawai zai share ta. Haka nan haɗa ragowar tawadar wani kamfani da ta wani a tanki ɗaya, ko amfani da wadda wa'adinta ya wuce saboda an samu da rangwame. Araha dai ba ta ado.

Matsalar takan faro tun daga kwamfuta

Kafin a kai ga inji, a duba wanda ya zana aikin. Injin bana yana da launuka huɗu ne: shuɗi mai haske, ja mai ruwan hoda, rawaya da baƙi, waɗanda ake taƙaitawa da CMYK. Kowanne ana iya ba shi daga 0 zuwa 100. Duk sauran launukan da ido ke gani haɗi ne. Ja sosai, irin na hula ko na tutar jam'iyya, yana cin ruwan hoda 100 da rawaya 100, wato 200 ke nan a wuri ɗaya. Kore mai duhu, shuɗi mai duhu da ruwan ƙasa duk sun fi haka ci.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne baƙi. Mai zane a CorelDRAW yakan ga baƙin 100 shi kaɗai ya yi masa fari-fari, sai ya ɗaga duka launuka huɗun zuwa 100 don ya samu baƙi ƙirin. Jimilla 400. In manhajar da ke tura aikin ga inji ba ta rage ba, an zuba tafki ne a kan roba. Tawadar za ta taru, ta malala cikin farin rubutun da ke kusa, ta ƙi bushewa, kuma ledar da ke ƙarƙashinta ta yi laushi kamar cingam. Abin takaicin shi ne ba a buƙatar haka. Baƙi 100 da aka tallafa masa da shuɗi 50, ruwan hoda 40 da rawaya 40 yana fita baƙi wuluk, jimillarsa 230 kacal. Mai wucewa a mota ba zai taɓa gane bambancin ba, amma mai shago zai gane a kwalbar tawadarsa.

Manhajar da ke tsakanin kwamfuta da inji, wadda ake ce wa RIP, ita ke da maganar ƙarshe kan yawan tawada. A injinan China an fi ganin Maintop da PhotoPrint, masu Roland na da VersaWorks, masu Mimaki na da RasterLink. Kowacce na da wurin da ake ƙayyade iyakar tawada, kuma kowace irin leda na da nata saitin. Abin da ya dace da sitika mai sheƙi ba shi ne ya dace da fileks ba. A shaguna da yawa, saitin da injiniya ya bari ranar da aka kafa inji shi ake bugawa da shi har yau, ko da an sauya kamfanin tawada sau uku an sauya leda sau goma.

Gwajin ba shi da wuya. A buga jerin ƙananan murabba'ai na launi mai duhu a kan guntun leda, daga mai tawada kaɗan zuwa mai yawa. A duba inda launin ya daina ƙara duhu, ya koma ƙara jiƙa kawai. Nan ne iyaka. Duk abin da ya wuce nan kuɗi ne ake zubarwa, kuma shi ne ke damewa.

Sai batun fas, wato sau nawa kan feshi zai ratsa wuri ɗaya kafin leda ta matsa gaba. In aiki ya yi yawa ana komawa fas 2 ko 3 don sauri. Ma'anar haka ita ce ana zuba tawadar gaba ɗaya a lokaci guda, ɗigo kusa da ɗigo, su haɗe tun ba su kama ba. Fas 6 ko 8 yana shimfiɗa ta sannu a hankali, kowane shafi ya ɗan sha iska kafin na gaba ya hau. Sai dai a lura, a wasu saitunan ƙara fas na tafiya ne tare da ƙara yawan tawada, don haka a duba kafin a ɗauka an yi magani. In aikin mai duhu ne sosai, a sa inji ya riƙa fesawa a tafiya ɗaya kawai maimakon zuwa da dawowa, ko a sa masa ɗan jinkiri a ƙarshen kowace tafiya.

Hita da kuɗin mai

Injin eko-solben da ya cika yana da hita uku. Ta baya tana ɗumama leda kafin ta iso, don fuskarta ta karɓi tawada. Ta tsakiya, a ƙarƙashin inda ake fesawa, tana sa ɗigo ya tsaya inda ya sauka. Ta gaba ita ke busarwa, sau da yawa tare da jerin fankoki. A yawancin injina, biyun farko na aiki ne tsakanin digiri 35 zuwa 45 a ma'aunin Selshiyos, ta gaba kuma ta ɗan fi su, wajen 45 zuwa 50.

Hita ce ke cin kaso mai yawa na wutar injin. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, sannan a Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin wutar 'yan rukunin Band A daga ƙasa da naira 70 zuwa naira 225 kan kowane kilowat-awa, lissafin kowane mai shago ya sauya. Wanda ke kan ƙaramin janareta yakan kashe hita don injin ya iya ɗauka, ya ce ai garin da zafi. Gaskiya ne a watan Afrilu a Kano ko Sakkwato, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ana iya rage ta sosai. Amma da asubahin Janairu, leda tana da sanyi kamar randa, tawadar da ta sauka a kanta ba za ta nutse ba. A watan Agusta kuma ga sanyin ruwa ga laima. Man da aka yi tattali ta hanyar kashe hita na awa ɗaya bai kai kuɗin bana ɗaya da aka sake bugawa ba.

Akwai kuma masu wuce gona da iri. Sun ji an ce zafi na busarwa, sai su murɗa hita har ƙarshe. Fileks roba ce, in ta ji zafi da yawa sai ta kumbura ta yi tudu-tudu. Kan feshi yana tafiya ne da tazarar milimita 2 zuwa 3 kacal daga leda. Da ya ci karo da tudun, sai ya goge ɗanyar tawada ya ja ta a kwance, ya bar zane mai tsawo. Wannan ya fi damewar aiki muni, domin gogar tana iya kashe kan feshin kansa, wanda shi ne mafi tsada a kayan injin da ake sauyawa. Zafin tsakiya da ya yi yawa kuma yana busar da tawada a bakin ƙananan ramukan feshi, su toshe, aiki ya fara fita da layi-layi.

A ba hita minti 10 zuwa 15 ta kai zafinta kafin a tura aiki. Ƙafa biyun farko na bana su ne suka fi lalacewa a shagon da ake kunna inji a tura aiki nan take.

Damina da hunturu, kowanne da nasa

Masu ƙera injinan nan sun fi son ɗaki mai matsakaicin zafi, da laima wajen kashi 40 zuwa 60 cikin 100. Arewacin Najeriya kuwa ba ta cika zama a tsakiya ba. A Yuli da Agusta iska cike take da danshi, bushewa na ja baya, ledar da ta kwana a shago mai yoyo kuma takan ɗauki raɓa a fuskarta. Aikin da ke bushewa cikin awa ɗaya a Maris yana iya neman yini.

Hunturu na zuwa da akasin haka. Laima na faɗuwa ƙasa da kashi 20, sai leda ta riƙa tara wutar nan da ke sa rigar nailan ta yi ƙara in ana cire ta. Wannan wuta tana karkatar da ƙananan ɗigon tawada daga hanyarsu, sai ka ga wani hazo-hazo a gefen rubutu kamar an hura masa toka. Tana kuma janyo ƙura. Duk inda ƙwayar ƙura ta zauna, tawada za ta kewaye ta, in ta faɗi a bar farin ɗigo. Shagon da ƙofarsa ke buɗe a bakin titi a watan Disamba yana buga ƙura ne tare da hoto. Maganin ba mai tsada ba ne: a haɗa jikin inji da wayar ƙasa yadda ya kamata, a sa labulen roba a ƙofa, a goge daɓe da jiƙaƙƙen tsumma maimakon shara da tsintsiya, a rufe leda in ba a aiki da ita.

Abin lura shi ne lokacin da aiki ya fi yawa yakan faɗo a kan waɗannan watanni. Dokar zaɓe ta 2022 ta ba da kwana 150 na yaƙin neman zaɓe. A zaɓen da ya gabata an buɗe na shugaban ƙasa a ƙarshen Satumban 2022, aka kaɗa ƙuri'a ranar 25 ga Fabrairun 2023, wato daga jelar damina har wajen ƙarshen hunturu. Bukukuwan aure ma a ƙarshen shekara suke tunkuɗowa. Injin da aka saita a watan Satumba ba zai yi daidai a Janairu ba sai an sake taɓa shi.

Wani lokaci ledar ce

Don roba ta yi laushi ta naɗu, ana zuba mata wani sinadari mai maiƙo tun a masana'anta. In leda ta daɗe a ajiye, musamman a wuri mai zafi, maiƙon nan yana tasowa ya kwanta a fuskarta. Ido ba ya ganinsa sosai, amma tawada na ganinsa: sai ta riƙa tsinkewa tana barin ƙananan ramuka kamar idon kifi, ko ta bushe amma farce ya kankare ta. Yawancin fileks ɗin da ke kasuwa daga China ake shigo da ita. Ta yi makonni a kwantena a teku, ta jira a tashar Apapa, ta yi tafiyar kusan kilomita 1,000 zuwa Kano a bayan tirela, sannan ta zauna a sito mai rufin kwano. Mai shago bai san shekarunta ba in bai duba takardar jikinta ba.

Hanya mafi sauƙi ta gane ko ledar ce ko injin ita ce a ɗauko wani naɗin daban a buga aikin da saiti iri ɗaya. In ya fita lafiya, an gano mai laifi. Zagayen farko na kowane sabon naɗi shi ya fi ɗaukar datti da maiƙo, gara a yanke mita ɗaya a ajiye don gwaji. Leda mara nauyi, irin mai giram 280 a kowace sukwaya mita, ta fi saurin kumbura a kan hita, kuma ba ta ɗaukar tawada kamar mai 440 ko 510. A tabbatar kuma an sa fuskar da ta dace a sama, don ɓangarorin biyu ba ɗaya ba ne.

Sai hannu. Yaron da ya gama cin ƙosai ko ya shafa mai saboda hunturu, ya kama leda yana saitawa, zai ga yatsunsa biyar sun fito a cikin hoton. A riƙa kamawa ta gefe, ko a sa safar hannu ta auduga.

In kuwa abin da ake gani ɗigo ne manya-manya jefi-jefi a kan aiki, wannan daga kan feshi ne. Ko wani silin zare ya maƙale a ƙarƙashinsa yana tara tawada yana ɗigarwa, ko robar da ke share shi ta ƙare, ko mazauninsa ya cika da tsohuwar tawada. Tsaftace su kullum da safe, da buga gwajin ramukan feshi kafin fara aiki, ba ya cin minti biyar.

Awa ɗaya bayan fitowa daga inji

A nan aka fi yin asara, kuma a nan ne gyara ya fi araha. Bana ta fito, mai ita na tsaye a kai, ɗan acaɓa na jira a waje. Sai a ja ta ƙasa, a ninke gida huɗu kamar zanin gado, a tura cikin buhu. Ninki yana haɗa fuska da fuska. Tawadar da ba ta gama sakin sinadarinta ba tana manne wa 'yar'uwarta, in aka buɗe sai ɗaya ta ɗauko ɗaya. In aka ƙara da zafin but ɗin mota ko ƙarƙashin kujerar Adaidaita Sahu, aikin ya gama lalacewa kafin a isa. Sauri ya haifi nawa ke nan.

Bana ba a ninke ta. Naɗe ta ake yi, a kan kwalin da leda ke zuwa da shi ko bututun roba, kuma ba a matse ba. Kafin naɗin ma, a shanya ta a buɗe gwargwadon hali, a sa mata fanka. Shagon da ba shi da fili yana iya ɗaura igiya ko ƙarfe a sama ya rataye. In dole sai an naɗe, a yi shi sakwa-sakwa yadda iska za ta ratsa tsakanin zagaye, a tsayar da naɗin a tsaye a kan wani abu mai ramuka kamar kwandon lemo da aka kifa. Dalili shi ne tururin sinadarin ya fi iska nauyi, ƙasa yake gangarawa. In naɗin na kwance, ko gindinsa na toshe da daɓe, tururin na nan a ciki yana ci gaba da tausasa tawadar.

Wannan tururi dai shi ne yaran shago ke shaƙa tun safe har dare. Tawadar solben mai ƙarfi tana sa ciwon kai, jiri da zafin ido a ɗakin da ba iska. Fankar da ke zuƙe iska waje, in aka kafa ta ƙasa-ƙasa a bango, tana saurin busar da aiki, tana kuma raba ma'aikata da warin. Masu kwana a shago kusa da aikin da aka shanya su daina.

Injin da ke da abin naɗewa da kansa yana da nasa haɗarin. In gudun bugawa ya fi ƙarfin hita, leda za ta isa wurin naɗi da ɗanyar tawada, ta kwafu a bayan zagayen da ke bi mata. Kafin a bar dogon aiki yana tafiya, a taɓa wuri mafi duhu a gefe daf da inda zai shiga naɗi. In ya yi danƙo ko kaɗan, a rage gudu ko a ƙara fanka.

Wajen kalmasa baki da sa zoben ƙarfe ma ana ɓata aiki. Ana kifa bana a kan tebur ko daɓe a ja ta, yashi ya karce fuskar. Gam ɗin da ake like baki da shi yana da sinadarin da ke narkar da tawada, ɗigo ɗaya ya isa ya ɓata harafi. In ya ɗiga kuma sai wani ya ɗauko fetur ko tina zai goge, ya share har da hoton. A share tebur, a shimfiɗa masa wani abu mai laushi, a bar farin baki na inci ɗaya ko biyu a zane don gam ya samu wurin zama.

Ga masu buga sitika ta mota ko ta gilashi da ake yi wa laminatin, jiran ya fi tsawo. Manyan kamfanonin leda irin su 3M da Avery Dennison suna ba da shawarar a bar aikin solben ya sha iska aƙalla awa 24 kafin a rufe shi, mai tawada da yawa kuma ya fi haka. In aka rufe da wuri, sinadarin ba shi da hanyar fita ta sama, sai ya koma ƙasa ya lalata gam ɗin sitikar. Bayan 'yan kwanaki a ga ta yi kumfa, ko gefenta ya fara ɗagowa a jikin mota.

Rabon mai kawo aiki

Ba duka laifin ke kan shago ba. Wanda ya san ranar ɗaurin aurensa tun wata biyu, amma ya kawo hoto ranar Juma'a da daddare yana son bana Asabar da safe, shi ma ya sa hannu. Haka wanda ya nace sai an yi masa bango baƙi ƙirin da rubutun zinare a bana mai ƙafa 20, kuma yana so yanzu-yanzu. In lokaci ya ƙure, zane mai farin bango ko launi mai haske ya fi aminci, domin tawadarsa kaɗan ce.

Ya kamata mai shago ya riƙa faɗin gaskiyar lokaci, ya haɗa da na bushewa a cikin alƙawarinsa. In aikin zai fito ƙarfe 2, a ce wa mai shi ya zo ƙarfe 5 ko washegari. Tsoron kada ya tafi shagon gaba shi ke sa a yi shiru, amma wanda aka ba shi aiki ya dame a gaban baƙinsa ba ya dawowa, kuma zai gaya wa wasu. Kyakkyawar al'ada ita ce a warware bana a gaban mai ita kafin ya tafi, su duba tare, a naɗe a gabansa, a gaya masa kada ya ninke kuma kada ya bar ta cikin mota a rana. Wannan kaɗai na rage gardamar waye zai biya.

Mai karɓa shi ma yana da gwajin da zai yi a wurin. Ya dangwala bayan yatsa a wuri mafi duhu a can gefe, ya ji ko da danƙo. Ya goga farin tsumma ko tishu a hankali, ya ga ko ya ɗauko launi. In warin tawada na tashi sosai, ya nemi a ƙara shanya ta ko rabin awa ne. In daga baya ta yi ƙura a inda aka kafa ta, ruwa da ɗan sabulu da tsumma mai laushi sun isa. Kalanzir, fetur da sanitaiza duk suna cin launi.

Tawadar da ta riga ta dame a kan fileks ba ta gyaruwa, domin ta shiga jikin robar. In ɓarnar ƙarama ce kuma banar za a kafa ta can sama, ana iya buga wannan ɓangaren a kan sitika a like a kai, daga nesa ba a ganewa. In fuskar mutum ce ko lambar waya, sai dai a sake. Ita kuma wadda ta lalace, bayanta fari ne, tana yin gwajin launi na makonni, in an gama kuma masu rumfa a kasuwa na saye su yi inuwa ko su rufe kaya da damina.